Bursun Mushe Sahabi

Daminar bana ta cika shekara goma da muka kai Sahabi makwancinsa a Tsarnawa. Sai da na sake ƙirgawa da yatsu kafin in rubuta, domin da yana raye da ya ce in kawo ya duba, tunda a wurinsa ban taɓa haɗa biyu da uku ba sai da taimako. Taubashina ne, uwarsa ƙanwar ubana ce, kuma tun muna yara ba mu taɓa gaisawa mun rabu ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Allah ya haɗa mu aiki a lise guda, wato babbar makarantar sakandare, a Konni, shi yana koyar da lissafi, ni ina koyar da Faransanci. Yakan ce ni mai sayar da surutu ne. Ni kuma in ce masa shi mai tsoratar da 'ya'yan mutane ne da alli. Har yau in na ji abin dariya, shi nake fara neman in gaya wa, sannan in tuna.

Ba zan cika muku shafi da cewa mutumin kirki ne ba, kowane mamaci haka ake cewa. Sahabi yana da taurin kai, yana da son gardama, kuma babur ɗinsa ya fi kowane babur a Konni ƙara. Abin da nake so in ba ku labari shi ne wata kalma guda da ta jawo masa baƙi daga ƙauye, ta kuma bar mini amanar da ban nema ba.

Akwai darasin da ya fi so a duk shekara, wanda yake yi wa 'yan ajin ƙarshe masu shirin bak, jarrabawar gama lise. Darasin abin da ke ninkuwa ne. Yadda ya fahimtar da ni, bayan ya gaji da kaina, shi ne: akwai abin da ke ƙaruwa da mudu guda kowane wata, akwai kuma abin da ƙaruwarsa ke bin girman da ya riga ya kai, wato yana girma, abin da ake ƙara masa ma yana girma. In ka zana na farko, layi ne miƙaƙƙe. In ka zana na biyu, sai ka ga layin ya daɗe yana jan ciki a ƙasa kamar ba ya zuwa ko'ina, can sai ya ɗaga kai ya miƙe sama. Daga nan sai ya koya wa yara yadda ake wasa da layin: a gusa shi dama ko hagu, a ɗaga shi, a miƙe shi, a kifa shi ya koma mai gangara.

Don kada yara su yi barci, sai ya nemo musu misali daga kasuwar hannun jari. Yakan samo tsofaffin jaridu masu ɗauke da farashin kasuwar Abijan, ya sa su zana yadda hannun jarin wani kamfani ya tashi, sannan su nemi layin lissafin da ya fi kama da shi. In sun tambaye shi mene ne hannun jari, sai ya ce watanda ne, irin wanda ake haɗa kuɗi a sayi sa a raba, sai dai wannan san ba a yanka shi, kowa yana riƙe da rabonsa yana jira ya yi ƙiba. Kuma kullum yana rufe darasin da gargaɗi guda, cewa layin takarda yana hawa har abada, amma na kasuwa yana gajiya, yana tuntuɓe, wani lokaci ma ya faɗi bai tashi ba.

To, ga inda aikina ya shigo. A Faransanci, kalmar da ake kiran kasuwar hannun jari da ita, ita ce dai kalmar da ake kiran tallafin karatu da gwamnati ke ba ɗalibi. Mu nan kuwa ma'ana ɗaya kawai muka sani, ta tallafin, muna ce masa bursu. Babu ƙauyen da za ka shiga daga Illela zuwa Malbaza ka ce bursu a yi zaton kana maganar wata kasuwa a bakin teku.

A ajinsa na waccan shekarar akwai wata yarinya, Barira, 'yar Dogarawa. Ba ta da yawan magana, a ajina ma sai na matsa take buɗe baki, amma Sahabi ya ce tun da ya fara aiki bai ga kan da ke kama lissafi kamar nata ba. A gidan goggonta take zaune a Konni. Ana tsakiyar shekara sai mijin goggon ya samu aiki a arewa, suka fara ɗaure kaya. Uban Barira, Ilu, manomin gero ne da albasa, ba shi da kowa a gari bayan wannan ƙanwar tasa, ya kuwa yanke shawara cewa in goggo ta tashi, yarinya ta dawo gida. Ba mugu ba ne, kuma ba ya ƙin lakwal, wato makarantar boko, shi da kansa ya kai ta tun tana ƙarama. Ba shi dai da inda zai ajiye 'yarsa.

Da Barira ta je gida hutun ƙarshen mako, sai ta roƙe shi ya bar ta ko da mako biyu ne, saboda Mushe, yadda yara ke kiran malaminsu, zai fara musu bursu. Ita darasi take nufi. Shi kuwa abin da ya shiga kunnensa daban. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa cewa wani malami a Konni yana rabon bursu, gwamnati za ta ba yara wurin kwana da abinci.

Ranar Litinin muna zaune a inuwar bishiyar bedi lokacin hutun safe, sai ga taksin ƙauye ta tsaya a bakin lise. Dattawa suka fito cikin rigunan Juma'a, Ilu a gaba, sauran iyayen wasu yaran ne da suka biyo shi kada a yi babu su. Aka nuna musu Sahabi. Bayan doguwar gaisuwa, Ilu ya gyara hula ya ce:

"Mushe, ni na uban Barira. An ce kana rabon bursu, shi ya sa nit taho da kaina, kada a rubuta sunaye ɗiyata ba ta ciki."

Na rantse muku dariya ta taso mini har wuya. Na dubi Sahabi ina jiran mu haɗa ido, domin irin wannan abin shi muke ci mu sha na wata guda. Bai dube ni ba. Ya ga abin da ni ban gani ba tukuna, cewa mutumin nan ya biya kuɗin mota ya saka rigarsa mai kyau saboda yana zaton an samo masa hanyar da 'yarsa za ta ci gaba da karatu. Sahabi ya sa aka kawo benci da ruwa, sannan ya ce da ni, tunda ni ne mai sayar da surutu, in yi musu bayanin kalmar.

Na yi. Ban taɓa yin darasin da ya yi mini nauyi kamar wannan ba. Ina magana ina ganin fuskokinsu suna sauka. Sauran dattawan suka yi 'yar dariyar kunya, suka ce ai sun samu dalilin shiga kasuwa, suka tashi. Ilu ya zauna yana juya kofin ruwa a hannu.

Da wani malamin ne, da sai ya lallaɓa, ya ce ana nan ana dubawa, a dawo wata mai zuwa, don dai a ja lokaci har jarrabawa ta zo. Ni kaina na raɗa masa haka. Sahabi ya ce mini ba zai gina karatun yarinya a kan ƙarya ba. Ya tsinko kara ya tsuguna a gaban Ilu, ya zana layinsa a ƙasa, mai jan ciki sannan ya ɗaga kai. Ya ce karatu haka yake, shekarun da aka yi ana ganin kamar ba a samu komai ba, su ne wannan wurin da layin ke kwance, kuma Barira ta iso daidai inda zai fara tashi.

Ilu ya kalli zanen da kyau. Ya ce shi ma ya san abin da ke ninkuwa, ruɓar albasa a rudu, rumbun da ake ajiye ta, guda ta ɓaci ta kama biyu, biyu su kama huɗu. Sahabi ya yi farin ciki kamar an ba shi kyauta, ya ce ai layin ke nan, an kifa shi ne kawai, ya zana masa. Suka shiga gardama a kan yaushe ya kamata mai albasa ya fasa rudu ya sayar, tunda farashi yana hawa kaya kuma yana raguwa. Ƙararrawa ta buga ba su ji ba. Na fara murna a raina, na ce an gama. Da Sahabi ya ga fuska ta saki, sai ya ce a bar Barira a gidansa, matarsa za ta riƙe ta kamar 'yarta. Ilu ya miƙe ya karkaɗe rigarsa.

"Mushe, kana da daɗin magana, Allah shi saka. Amma ban san ka ba sai yau. Yau ɗin ma, abin da anka ce mini ban ishe shi ba. Ƙaƙa za ni bar maka ɗiya?"

Gaskiya ya faɗa. A ƙarshen makon goggo ta tashi, Barira ta naɗe tabarmarta ta koma Dogarawa. Jarrabawar bak ta waccan shekarar aka yi ba ita.

Na ji haushi ƙwarai, na kuma sauke shi a kan Sahabi. Na ce gaskiyarsa ta kori yarinya daga lakwal. Ya ce ba a kore ta ba, an gusa layin dama ne. Na ce ya riƙe lissafinsa, ni maganar mutum nake yi. A nan ya gaya mini abin da har yau nake juyawa a kaina. Ya ce wannan layin yana da wani hali da sauran ba su da shi: in ka gusa shi dama, wato ka makarar da shi, daidai yake da ka bar shi a wurinsa ka rage masa mafari. Wanda ya fara a makare da wanda ya fara da kaɗan, layi guda suke kai, kuma siffarsa ba ta canzawa, zai tashi. Abu guda ne ke kashe shi, a fara da sifiri. Ya ce aikinsa shi ne kada Barira ta koma sifiri.

Na zaci takardun aiki zai riƙa aika mata. Ya aika, amma ba wannan ne babban abin da ya yi ba. Ilu ya ce bai san shi ba, shi kuwa ya ɗauki maganar yadda take. Ya fara hawa babur ɗin nan nasa mai ƙara yana zuwa Dogarawa ranakun da babu lakwal. Ba ya tayar da zancen karatu. Ya zauna da Ilu a bakin rudu suna tsince ruɓaɓɓiyar albasa, suna gardamar farashi, ya ci tuwon gidan, ya yi sallah a masallacinsu. Ya dawo yana warin albasa, ni kuwa na samu abin tsokana, na sa masa suna Sarkin Rudu. Da aka yi shuka har noma ya taya su, ya dawo da kanta a hannu yana nuna mini kamar lambar yabo. Na tambaye shi ko Ilu ya ce wani abu. Ya ce abin da ya ce kawai shi ne a bari a ga damina.

Sahabi bai ga ƙarshen daminar ba. Zazzaɓi ya kama shi gero yana fitar da kai, muka ɗauka na kwana biyu ne, ya ƙi zuwa likita da wuri saboda taurin kan nan nasa. Kafin mu farga ya tafi. Ban san yadda zan rubuta muku wannan wurin da kyau ba, kuma ba na so in gwada. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar uwata.

Ilu ya zo gaisuwa a Tsarnawa. Ya zauna a gefen tabarma, ya yi addu'a, ya tafi. Matar Sahabi ta yi takaba a gidan iyayenta, aka mayar wa mai gida makullin gidan hayar da suke ciki a Konni. Gidan da aka yi wa Barira tayi babu shi kuma. Na ce a raina magana ta mutu tare da mai ita.

Ana gobe za a koma lakwal, da hantsi, aka yi sallama a ƙofar gidana. Na fito na tarar da Ilu, bayansa Barira da akwatin ƙarfe a ka, gefe kuma buhun gero. Ya ce:

"Malam, shi na sani, kai ban san ka ba. Amma ya ce mini kai taubashinai na, abinai naka na, ko ya ba ka ko bai ba ka ba. To, ga abin da ya bari."

Haka al'adarmu take, taubashi yana ɗaukar hular taubashinsa ko takalminsa ya ce nasa ne, babu mai kai ƙara. Shekara da shekaru ina kwashe wa Sahabi alƙaluma da goro da wannan hujjar. Ban taɓa zaton za a juyo mini da ita haka ba. Ina tsaye a ƙofa, maiɗakina Ramatu ta ratsa ta gefena ta sauke akwatin daga kan yarinyar, ta ce mata ta shigo ta sha ruwa. Ni dai buhun geron aka bar mini in ja.

Yau in na zauna a bakin titi ina kallon Konni, nakan tambayi kaina me Sahabi zai ce. Layin da yake wahalar nema a tsofaffin jaridu yanzu yana cikin aljihun kowane saurayi. Yaran da ke zaune wurin mai shayi suna nuna wa juna waya, layi kore yana hawa, ja yana sauka. 'Yan canji sun san darajar naira kafin su gama karin kumallo. Na san da ya ji daɗin wannan, da ya ƙwace wayar wani ya mai da teburin mai shayi aji. Na kuma san abin da zai ɓata masa rai. Ana turo wa yaranmu saƙo cewa su zuba kuɗi a wani wuri, zai ninka kowane mako, har da zanen layi mai hawa ba ya waiwaye. Wani ɗan maƙwabcina ya sayar da tumakin uwarsa ya zuba, aka wayi gari babu wurin babu masu shi. Da ya zauna ajin Sahabi, da ya ji cewa layin da ba ya gajiya a takarda kawai yake zaune.

Amma ba na cikin tsofaffin da ke cewa komai ya lalace. 'Yan matan ƙauye da ke ajin ƙarshe yanzu sun fi na zamaninmu yawa, ina ganinsu da safe a kan hanya. Manoman albasa suna kiran Konni da Galmi su ji farashi kafin su ɗora buhu a mota. Abin yana tafiya a hankali har mutum ya ce ba ya motsi, sai dai ni an riga an nuna mini irin wannan layin a ƙasa da kara.

Barira ta yi shekara guda a gidana. Ta maimaita ajin, ta ci bak da sakamakon da ya sa malamai suka zo har gida yi mata barka. Bayan 'yan watanni sunaye suka fito na waɗanda gwamnati za ta ɗauki nauyin karatunsu a jami'a, nata yana ciki. Kwana biyu da jin labarin sai ga Ilu a ƙofata, cikin rigar nan dai ta Juma'a, fuska a murtuke kamar mai shirin faɗa.

"Malam, kai da taubashinka kun yi mini ƙarya. Kun zaunar da ni bisa benci kun ce babu bursu. To, wanga mi na na?"

Na buɗe baki zan sake yi masa bayanin kalma mai ma'ana biyu, aikin da na iya ke nan. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Sai a lokacin na ga idonsa ya cika.

"Bari, na gane tun rannan. Bursun dai na Mushe na. Gusa shi anka yi dama, kamar yadda shi kan ce."

Yanzu Barira tana koyar da lissafi a wani lise a Malbaza. Bana, da shekara goman ta matso, na roƙe ta ta bar ni in zauna a bayan ajinta ranar da za ta yi darasin. Ta shigo da alli, ta rubuta kalmar a allo da manyan baƙaƙe, ta juyo ta ce wa yaran wannan ba bursun da suka sani ba ne, kada kowa ya je gida ya taso ubansa. Ajin ya fashe da dariya, ni ma na yi, sannan na sunkuyar da kai na ɗan lokaci. Ta zana layin, mai jan ciki sannan ya ɗaga kai. Ta gusa shi, ta kifa shi, ta kawo misalin rudun ubanta. Da ta zo ƙarshe ta yi gargaɗin nan, kusan da kalmominsa. Yara sun cika ajin har wasu uku-uku a benci, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganin Sahabi.

Bai bar gida ba, bai bar gona ba, babur ɗin ma ƙaninsa ya sayar. In aka auna shi da abin da ake rabawa ranar gado, taubashina ya fara da kaɗan ya ƙare da kaɗan. Amma shi da bakinsa ya ce mini fara da kaɗan ba ya hana layi tashi, kuma wannan karon, Sahabi, ban yi maka gardama ba. Da aka tashi daga ajin, wata yarinya ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran kowa ya fita. Na ji tana gaya wa Barira a hankali cewa yayar da take zaune a wurinta za ta bar gari. Barira ta ajiye allin, ta karkaɗe hannu, ta tambaye ta sunan ƙauyensu da ranar da ake samun ubanta a gida.

Allah ya jiƙan Sahabi, ya sa ya huta.